Fuskar da Na Zaci Kuka Take Yi

Jurf, Madina

Zuwa ga ɗana Mu'az,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sauke ka Dammam lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki da shugabanni masu sauƙin kai a wurin aikinka. Ummanka tana gaishe ka. Ita ce ta cusa takardar nan a ƙasan jakarka kusa da kwalbar yaji, don ta ce nan ne kawai ta tabbata hannunka zai kai.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san in na yi maka Hausa da Larabci kake amsa min, kuma na daina faɗa a kan wannan tuntuni. Amma Larabci da gudu kake karanta shi, yadda kake karanta saƙonnin jawwal, wato wayar hannu, ido ɗaya a kai, ɗaya a wani wuri. Hausa kuwa dole ka zauna ka bi ta kalma-kalma. Haka nake so ka karanta wannan.

Na ɗauki biro ne da niyyar in yi maka maganar salla da abokai da riƙon amanar aiki. Ka san su duka, ka ji su har ka gaji. Abin da ya ƙi barin raina shi ne maganar katunan nan naka na 'yan ƙwallo, da guruf ɗin nan na waya da ka saka ni, da abin da ya faru da Malam Haruna. Ni da kai ba mu zauna mun yi maganar ba tun ranar, kowa ya riƙe tasa a ciki. Kuma in faɗa maka gaskiya, ba wai na gane komai ba ne zan koya maka. Akwai da yawa da har yau suke ɗaure min kai.

Shekaru ina ganinka kana jera katunan, kana saka kowanne a 'yar ledarsa, kana hana ƙannenka taɓawa. Ban taɓa tambayarka mene ne daɗin abin ba. Daga bakin ƙofa na leƙa na yanke hukunci. Har akwai ranar da na ce a gaban abokanka caca ce kawai aka canza mata suna. Ka bari na wuce ka tura ƙofa. Har yanzu ban natsu da sayen fakiti a rufe ba tare da sanin abin da ke ciki ba, kuma ina so ka samu malami mai ilimi ka tambaye shi. Amma ko da ina da gaskiya, ba a gaban abokanka ya kamata in faɗa ba, kuma ba kafin in zauna in ga abin da kuke yi ba. Za ka tarar da mutane a wurin aiki da abubuwan da suke so waɗanda kai ba ka ga amfaninsu ba. Ka tambaya tukuna.

Da na ga tafiyarka ta matso, sai na ji tsoron ka bar gida ban san abin da ya fi cin lokacinka ba. Na ce ka saka ni a guruf ɗinku na masu tara katuna. Ka dube ni kamar na ce zan shiga ƙungiyar ƙwallo.

"Abuya, mutane ɗaruruwa ne a ciki, kuma ba su da sauƙi."

"Ni ma ina da baki," in ji ni.

"Shi ne matsalar. Kallo kawai, don Allah. Kada ka rubuta komai."

Na yi alkawari, kuma ban cika ba. Wata rana bayan azahar na dawo daga saidaliyya, kantin maganin da nake aiki, na ci shinkafa, na ga kati ɗaya mai ƙyalƙyali a kan teburinka ba a leda ba. Ya burge ni. Na ɗauka da hannuna, na ɗora a kan faranti don haske ya fi kyau a wurin, na ɗauki hoto na tura. Na haɗa da sallama mai tsawo, na gaida kowa da iyalinsa, na ce ni mahaifin Shahon Jurf ne, sunan da kake amfani da shi a can.

Amsoshi suka yi ta shigowa, duk da Larabci, ni nake mayar maka da su Hausa. Wani ya ce, "Masha Allah ya ammu, baffanmu, ƙwararre ne kai." Wani ya ce, "Ka ƙara masa mai kaɗan, zai fi ƙyalli." Wani ya ce a ba ni shugabancin guruf ɗin. Mu'az, na ji daɗi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina godiya, ina sa musu albarka. Har na nuna wa Ummanka na ce yaran nan ashe suna da tarbiyya. Sai da ka dawo ka ga shatin yatsana mai maiƙo a fuskar katin, ka zauna a bakin gado ka dafe kai, sannan ka yi min bayani cewa ba'a ake yi min tun ɗazu.

Na daɗe ina juya wannan. Na yi shekaru masu yawa a ƙasar nan, ina ba mutane magani da Larabci, ina jin zaginsu da yabonsu. Amma a rubuce, babu murya, babu fuska, na kasa bambancewa. Abin da ya fi ba ni mamaki, cikin duk waɗanda suka yi rubutu babu wanda ya ce, "Baba, ba a riƙe kati da hannu mai maiƙo, a gefe ake kama shi." Wannan kaɗai ya ishe ni. To kai idan ka ga wanda bai sani ba, ka faɗa masa kai tsaye abin da bai sani ba. Ba'ar da mutum ba zai gane ba, ba shi kake yi wa magana ba, 'yan kallo kake yi wa, shi kuwa ka mayar da shi abin wasa.

Kuskurena na gaba ya fi wannan. Da na gane an yi min dariya sai zuciya ta ɗebe ni. Na zauna na rubuta musu nasiha mai tsawon gaske a kan girmama manya da kiyaye harshe. Na ce ni na haifi da yawa daga cikinsu. Na ce a garin Manzon Allah muke, ya kamata a ji kunya. Ina tsammanin za a yi shiru, a ba da haƙuri. Kafin in ajiye jawwal wani ya ciro hotona daga kan lambata ya mayar da shi sitika, ya rubuta a ƙasa, "Ku ji kunya." Har yau suna amfani da ita, na gani. In wani ya sa wa katinsa tsada sai a tura masa fuskata.

Wasu sun tsaya min, suka ce abin ya wuce wasa. Sai faɗa ya koma tsakaninsu, aka manta da ni gaba ɗaya, aka shiga tono tsofaffin rigingimu, wane ya taɓa aiko kati lanƙwasasshe, wane ya taɓa fasa musaya bayan an gama magana. Mai kula da guruf ya rufe rubutu har zuwa washegari. Kai kuma ka ɗauki kwanaki kana cin abinci a ɗakinka.

Abin da na rubuta ba ƙarya ba ne, wannan ne ke ruɗa ni. In a masallaci na faɗe shi, za a gyaɗa kai. Amma na rubuta shi ne ina huci, don in rama, na kuma sa masa rigar wa'azi. Ina ganin sun ji ƙamshin hakan. Idan an taɓa ka a irin wuraren nan, ka kife wayar, ka tashi ka yi alwala ko ka wanke kofin shayinka. In ka dawo har yanzu akwai abin faɗa, ka bi mutumin shi kaɗai ka faɗa masa. Sau da yawa za ka dawo ka tarar babu komai.

Daga nan na kama bakina da gaske. Ina kallo kawai, kuma na ga abubuwan da ban zata ba. Na ga wani a Jidda ya aika wa sabon shiga katuna kyauta don kawai ya ce yana son mai tsaron gidan wata ƙungiya. Na gan ka kai kanka kana yi wa wani bayanin yadda ake gane bugun asali, da haƙurin da ban taɓa ganin ka yi wa ƙannenka ba. Kuma na ga mutanen nan dai, su ɗin, sun taru a kan mutum ɗaya saboda hotonsa ya yi duhu. Na rasa wane ne ainihinsu, masu kyautar ko masu cizon.

Sai ranar Malam Haruna. Ka san abin da ya faru, amma bari in faɗa maka yadda na gan shi daga kujerata.

Ranar Juma'a ce, mun dawo daga masallaci, kana ɗakinka ina falo. Wata lamba da ba ta cika magana ba ta turo hoto: katuna a jere a kan darduma, wasu sun fara lanƙwashewa, launinsu ya koɗe. Babu rubutu tare da hoton. Nan da nan aka fara. "Daga wace bola?" "Waɗannan ko kyauta ba na so." Kai ma ka rubuta, na gani da idona kafin ka goge: "Duk jabu ne, na bakin titi. A zuba a shara."

Ashe mutumin yana can yana rubutu, a hankali, irin na wanda bai saba ba. Sai ga saƙonsa ya shigo. Ya ce sunansa Haruna, wannan wayar ɗansa Yasir ce, Allah Ya yi wa Yasir rasuwa bara bayan doguwar jinya. Ya ce ya buɗe durowar yaron ya ga zafi yana lalata katunan, shi kuma bai san yadda ake adana su ba. Ya ga ɗansa yana cikin wannan guruf, shi ne ya ce bari ya tambayi abokansa.

Na ga saƙonni suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana goge nasa. Ni kuwa hawaye ne ya cika min ido. Na ce ba zan karya alkawari in yi dogon rubutu ba, amma ba zan iya yin shiru ba. Sai na nemo 'yar fuskar nan mai hawaye a gefe biyu, na jera ta har sau da yawa a ƙarƙashin saƙonsa, na tura.

Ka fito daga ɗaki da gudu, ko takalmi babu.

"Abuya! Me ka yi?"

"Ta'aziyya na yi masa."

"Wannan dariya ce! Dariya ce har da hawaye! Goge, goge!"

Na kasa gano wurin gogewa. Ka fizge wayar, amma kafin ka taɓa komai sai ga rubutu ƙarami a tsakiyar allo cewa lambar ta fita daga guruf.

Wallahi Mu'az, tun da aka fara amfani da fuskokin nan, kuka na ɗauka take yi. Allah kaɗai Ya san mutum nawa na tura wa ita a kan rasuwa da rashin lafiya, daga nan har Zariya, kuma babu wanda ya taɓa gaya min. Ko sun gane nufina ne, ko sun riƙe ni a zuci, ban sani ba. Abin da ba ka tabbatar da ma'anarsa ba, kada ka tura shi. Kuma maganar mutuwa ba a yi mata hoto. Ka rubuta addu'a da kalmominka ko da layi ɗaya ne, in da hali ka kira, in da hali ka taka.

Da na ce maka na ga abin da kai ma ka rubuta, sai ka ce, "Amma gaskiya na faɗa, Abuya. Jabu ne. Kuma ban san labarin ba lokacin." Gaskiya ka faɗa, kuma ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. Duk da haka ga mutum can mun haɗu ni da kai mun kore shi da wayar ɗansa a hannu.

Na kira lambar, a kashe. Sai da wani a guruf ya ce ya san Yasir, mahaifinsa yana da ɗan shago a gindin dutsen Uhudu, cikin masu sayar wa baƙi darduma da carbi. Washegari bayan la'asar na ce ka ɗauko mukullin mota. Ba ka yi gardama ba. Na ga ka koma ɗaki ka ɗebo sababbin ledojin kati da akwatinka na roba, wanda ba ka bari kowa ya taɓa, ka juye naka katunan a kan gado.

Mun same shi yana ninke darduma, dogo, siriri, da furfura a gemu. Da na yi sallama da Larabci na faɗi sunana da aikina, sai ya dube ni ya ce da Hausa, "Bahaushe ne kai, Dakta?" A nan aka haife shi, kakanninsa ne suka zo daga Damagaram suka zauna. Hausarsa tana da nauyi, rabinta Larabci, amma Hausa ce. Na ji kunyata ta ninku.

Na yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, sannan na ce ni ne mai fuskokin dariyar, na yi masa bayani. Ya saurara har na gama. Sai ya ɗan murmusa.

"Ma'alesh, ba komai, Dakta. Na ga hotonka, na ga dattijo ne. Na ce ko dai mahaukaci ne ko bai sani ba. Ba naka ne ya fitar da ni ba."

Ka sunkuyar da kai. Ka ce, da Hausa, kuma ban manta ba cewa da Hausa ka faɗa, "Kawu, ni ne na ce jabu ne. Ni ne na ce a zuba a shara."

Malam Haruna ya jawo mana kujeru, ya aika maƙwabcinsa ya kawo shayi, ya fito da katunan, ashe da su ya zo shago. Sannan ya ce katunan nan shi ya saya wa Yasir da hannunsa, lokacin da yaron yake kwance a mustashfa, wato asibiti. Kullum in ya rufe shago sai ya tsaya wurin wani mai shimfiɗa a bakin hanya ya sayi fakiti ɗaya ya tafi masa da shi. Yasir ya buɗe, ya yi murna, ya ce wannan ɗan wasan babba ne, wannan ba a samunsa. Shi bai taɓa sanin akwai na gaske da na jabu ba sai jiya, daga rubutunka.

"Ba fushi na yi ba," in ji shi. "Tambaya ce ta hana ni sukuni. Kai ka san harkar nan, ɗana. Ka gaya min tsakaninka da Allah. Yasir ya sani?"

Na so in taka maka ƙafa. Na so ka ce a'a, ko ka ce ba a iya ganewa. A raina ina cewa, yaro, yi ƙarya, Allah zai yafe. Ka ɗauki kati ɗaya daga cikin waɗanda ya fito da su, ka kama shi a gefe, ka juya bayansa. Ka tambaye shi shekara nawa Yasir ya yi yana tarawa. Ya ce tun yana firamare.

Ka ce, "Ya sani, Kawu. Tun fakitin farko zai sani."

Malam Haruna ya juya ya fuskanci dutsen. Motocin baƙi suna ta tsayawa, wata mata tana tambayar kuɗin carbi, bai ji ta ba, sai ni na ce mata ta ɗan dawo. Can ya share fuska da gefen ƙyallen kansa.

"Kullum sai ya ce in ƙaro," ya ce. "Kullum. Kuma nasa na gaske a kwali ya bar su. Waɗannan ne a durowar gefen gadonsa."

Ka buɗe akwatin, ka fara saka katunan a leda ɗaya bayan ɗaya, kana nuna masa yadda ake kamawa, ka ce ya ajiye su nesa da taga, a ɗakin da ke da sanyi. Ya matso yana koyo da manyan yatsunsa. Muna nan har aka kira magariba.

Ga inda kaina ya ɗaure, kuma ba zan ɓoye maka ba. Magana ɗaya ce ka faɗa sau biyu. A guruf ka ce jabu ne, ta kori mutum. A shagonsa ka ce jabu ne kuma ɗansa ya sani, ta ba shi wani abu da ni, da ƙaryar da na so ka yi, da na hana shi. Na yi ta tunani ko da ba ka rubuta na farkon ba da ya fi masa, ya ci gaba da zama bai sani ba. Wata rana in ce e, wata rana in ce a'a. Na tambayi Ummanka, ta ce in daina wahalar da kaina, abin da ya faru ya faru. Ban daina ba.

Iyakar abin da na iya kamawa shi ne wannan. A shago ka ga fuskarsa, ka jira ya gama magana, ka yi tambaya kafin ka ba da amsa, kuma ka zauna tare da shi bayan ka faɗa. A guruf hoto ka gani ka yi sauri kada wani ya riga ka. Don haka in ka ga hoto babu bayani, ka dakata, wataƙila mai shi yana can yana rubutu da yatsa ɗaya. In za ka ce abin mutum jabu ne, ka faɗa in an tambaye ka, ka tsaya a nan, maganar shara ba taka ba ce. In an taru a kan mutum ɗaya, kada ka ƙara naka ko da kai ne ka fi kowa sani. In kuma ka yi kuskure, gogewa ba ta isa ba, don wanda ka rubuta dominsa ya riga ya karanta. Wannan ba a katuna kaɗai ba. A wurin aikinka ma za a saka ka a guruf, za a yi wa wani dariya, za a jira a ga naka.

Ban ce ka bar tara katunanka ba. Na ga hannunka ranar, na ga ka san abin da kake yi, na kuma ji alfahari da ban san inda zan ajiye shi ba.

Malam Haruna bai koma guruf ɗin ba, ya ce ba wurinsa ba ne. Na biya ta shagonsa shekaranjiya na gaya masa za ka tafi. Ya yi maka addu'a sosai. Ya ce in gaya maka kwalin nan na katunan gaske yana nan yadda Yasir ya bar shi, bai buɗe ba, kuma ba ya so ya buɗe shi shi kaɗai. Ya ce ba sauri yake ba, zai jira hutunka.

Allah Ya tsare min kai, Ya tsare harshenka da yatsunka, Ya kare ka daga sharrin mutane, Ya kare mutane daga naka. Allah Ya jiƙan Yasir, Ya ba mahaifinsa haƙuri. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka kira Ummanka da zarar ka sauka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sa'idu